Ƙarfe ba ya karyewa haka kawai

Duk wanda ya saba zama a tashar mota ko garejin bakin titi a yankinmu, daga Ringim zuwa Gujungu har Gumel, ya san wannan maganar. In mota ta faɗi aka tambayi direba me ya faru sai ka ji ya ce wallahi ina cikin tafiyata lafiya lau kawai sai na ji ƙas, taya ta fice. Ko ya ce tayarod ne ya tsinke haka kawai, sitiyari ya ƙi jin magana. Sai a ce tsautsayi ne Allah ya kiyaye gaba, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a, a jawo motar a kai gareji a ɗaura mata wani ƙarfen na hannu, sati na zagayowa ta koma hanya. Ni ban musa ƙaddara ba, abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru. Amma wannan haka kawai ɗin ce ta dame ni, don ba gaskiya ba ce. Kafin ƙarfe ya karye ya yi wata da watanni, wani ma shekaru, yana tsagewa a hankali a hankali, kuma sau da yawa da an tsaya an duba da an gani.

Bara da kaka kawuna, ƙanin mahaifiyata, da yake jigilar riɗi da zoɓo a a-kori-kura daga ƙauyukanmu zuwa bakin kwalta, shaf ɗin motarsa na baya, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ya karye a hanyar burji. Allah ya taimaka ba gudu yake ba, motar ta durƙushe gefe guda taya ta yi gaba abinta, ba wanda ya ji ciwo sai yaron mota da ya ɗan gurje a gwiwa. Da aka kwance aka kawo guntun ƙarfen gida na ce Kawu ba ni in gani. Fuskar inda ya karye kashi biyu ce ƙarara. Fiye da rabinta sumul take, ta yi duhu har da ɗan jan tsatsa, in ka karkata ta wajen hasken rana za ka ga wasu layuka siri-siri masu lanƙwasa, wani bayan wani, duk sun taso ne daga wani ɗan ɗigo a bakin ƙarfen dab da inda boris yake zama. Ragowar kuwa fari tas, ga kaushi, sai ƙyalli take, da gani ka san ranar ta ɓalle. Na ce Kawu ka duba nan wurin mai duhu, wannan ba jiya ya tsage ba, ka daɗe kana tafiya a kan ɗan wannan farin kaɗai. Ya karɓa ya juya shi ya juya, ya sa farce ya kankari tsatsar, can ya ce kai ɗan nan, kana nufin duk lodin da na yi tun damina a kan wannan nake. Na ce ƙwarai kuwa. Bai ƙara cewa komai ba ya tashi ya yi alwala.

Abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe kenan, kuma kowa ya taɓa yin gwajinsa da hannunsa ko da bai sani ba. In kana son yanke waya ba ka da filaya ai lanƙwasa ta kake yi, ka miƙe, ka lanƙwasa, ka miƙe, wurin ya yi ɗumi, can sai ta rabu. Ba ƙarfinka ne ya ƙaru a lanƙwasawar ƙarshe ba, maimaitawar ce ta yi aikin. To ƙarfen mota ma haka yake sha, sai dai shi lanƙwasar tasa ƙarama ce ido ba ya gani. Shaf ɗin a-kori-kura yana ɗauke da nauyi kuma yana juyawa, gefen da ake miƙewa yanzu in taya ta yi rabin zagaye shi ne ake matsewa, ta sake rabi a sake miƙe shi. Tayar ƙaramar mota tana zagaye wajen sau 500 a kowace kilomita ɗaya. Ka lissafa da kanka, kilomita 100 ya ba ka 50,000, motar da mitarta ta nuna kilomita 200,000 kuwa ta yi zagaye miliyan 100, in ma ba a mayar da mitar baya ba kafin a sayar maka.

Turawa su ma ba da daɗi suka gano wannan ba, da gawarwaki suka gano. A ranar 8 ga Mayu 1842 wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zai koma Paris a Faransa, cike da mutanen da suka je kallon biki, sandar tayoyin kan jirgin ta karye, taragai suka hau juna wuta ta kama, ƙofofi kuma a kulle suke ta waje, fiye da mutum 50 suka mutu. A lokacin wasu cewa suke ƙarfen ne yake canja hali ya zama mai gautsi in ya daɗe yana aiki. Sai wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, August Wöhler, ya zauna tun daga shekarun 1850 har zuwa 1870 yana abu guda. Ya fara auna irin nauyin da sandar take sha a kan hanya da gaske, sannan ya ƙera inji mai juya sandar ƙarfe da nauyi a rataye, yana ƙirga zagaye har ta karye, ya rage nauyi ya sa wata sandar ya sake ƙirgawa. Abin da ya fito masa shi ne har yau ake koyarwa a ajin injiniyanci na ko'ina: nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a tashi ɗaya ba zai karya shi in aka yi ta maimaitawa, kuma in ka ƙara nauyin kaɗan kwanan ƙarfen ba kaɗan yake raguwa ba, da yawa yake raguwa. Ya kuma ga cewa baƙin ƙarfe yana da wata iyaka, in nauyi bai haura ta ba sai ya yi ta juyi miliyoyi bai karye ba. A gogaggen ƙarfe mai santsi na ɗakin gwaji iyakar nan tana kusan rabin ƙarfin da zai tsinka shi a ja ɗaya. Alminiyam ba shi da irin wannan iyakar a fili, shi ko yaya nauyin yake yana cin kwanansa, wannan ya kamata masu son wilin alminiyam na gayu a hanyar ramuka su sani.

Amma mota ba nauyi iri ɗaya take sha ba kullum, yau ba kowa a ciki, gobe kasuwar Maigatari ta Alhamis, jibi Juma'a Wudil. Yaya za a haɗa lissafin? Nan wasu mutum biyu suka kawo dabara, Palmgren a 1924 wanda a kan boris ya yi nasa aikin, da Miner a 1945. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauka misali akwai wani bugu mai tsanani da in ƙarfe ya sha shi sau 1,000 zai karye, to duk sau ɗaya ya ci kashi ɗaya cikin dubu na ransa. Wani bugun mai sauƙi kuma sai ya yi sau miliyan, shi kowane ɗaya kashi ɗaya cikin miliyan ya ci. Sai a yi ta tarawa, ranar da jimla ta cika ɗaya ranar ake sa ran karyewa. Abin lura a nan shi ne ba a ragewa, tarawa kawai ake. Motar da ka ajiye a inuwa ta huta wata uku injinta ya huce amma tsagar da ke cikin shaf tana nan yadda ka bar ta, ƙarfe ba ya warkewa. Kuma lissafin ba daidai-wa-daida yake ba, su kansu masu binciken sun san sanduna biyu da aka yanko daga ƙarfe ɗaya wata za ta iya ninka wata kwana sau da yawa, shi ya sa kamfani yake barin rara mai kauri a cikin ƙirar. Wannan rarar ce mu a nan muke cinyewa muna cewa motar akwai ƙarfi.

To yanzu mu zo kan lodi, inda na fi so mu daɗe. Direba a tasha lissafinsa miƙaƙƙe ne, in na ƙara rabin kaya na ƙara rabin kuɗi, motar kuma ta ƙara wahala da rabi, ba laifi za ta jure. Wallahi ba haka ƙarfe yake lissafi ba. A wurin da aka yi walda, ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita wajen ƙera gada da jikin manyan motoci ita ce kwanan wurin yana raguwa ne da nauyin a ninke cikin kansa sau uku. Ma'ana in nauyin da ke bugun wurin ya ninka biyu, biyu sau biyu sau biyu, kwanansa ya koma kashi ɗaya cikin takwas. In rabi kawai ka ƙara kwanan ya koma ƙasa da sulusi. Wurin da aka tsara zai yi shekara tara sai ya zama ko uku ba zai cika ba. Ka tsaya bakin titi ranar kasuwa ka kalli Golf ɗin da aka ƙera wa mutum biyar, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, wani lokacin har da wanda ya raba kujera da direban, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan gero da igiya har da akuya a sama, bayan motar ya kusa taɓa ƙasa shokazoba ta gama nitsewa. In shokazoba da sifirin suka nitse har ƙarshe babu sauran abin da zai shanye bugu, duk ramin da aka faɗa kai tsaye yake wucewa cikin ƙarfe. Rami ɗaya a wannan halin zai iya cin abin da tafiyar kilomita masu yawa a kwalta mai kyau ba ta ci ba.

Ita ma hanyar haka take nata lissafin, nata ma ya fi muni. An yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, aka yi ta zagaya manyan motoci masu nauyi daban-daban a kan tituna na gwaji dare da rana, aka gano ɓarnar da layin taya ɗaya yake yi wa titi tana tafiya ne da nauyinsa a ninke cikin kansa kusan sau huɗu. Nauyi biyu, ɓarna 16. Kenan tirelar da aka yi wa obalodi ita ke haƙa ramin, ramin kuma ya zo ya karya bol joyin, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar taya, na ƙaramar mota mai ɗauke da mata masu zuwa biki.

Kamfanonin mota a yau ba sa jira sai abu ya karye a hanya. Kafin a ƙera ko noti sai an zana shi a kwamfuta, kwamfutar ta yayyanka zanen zuwa ƙananan gutsattsari dubbai ko miliyoyi, ta lissafa nauyin da kowane gutsure yake sha, ta nuna da ja inda wahalar ta taru, yawanci a kwana mai kaifi ko bakin rami ko gindin walda. Sannan a ɗauki mota ta gaske a manna mata ƙananan na'urorin auna miƙewar ƙarfe a tuƙa ta a filin gwaji da aka shimfiɗa wa duwatsu da gargada da gangan, a naɗi duk bugun da ta sha. Wannan naɗin a hargitse yake fitowa, manya da ƙanana a cakuɗe, to akwai hanyar tsefe shi a ƙirga kowane bugu da girmansa wadda wasu 'yan Japan biyu, Matsuishi da Endo, suka fito da ita a 1968. Daga nan a zuba a lissafin Miner a ga shekara nawa ƙarfen zai yi. Wasu kuma suna bin ita kanta tsagar ne, tun bayan aikin Paul Paris a farkon shekarun 1960 ana iya lissafa yadda tsaga take ƙara tsawo a kowane bugu, da farko tafiyarta ba ta da sauri ko kaɗan, tana ƙara tsawo tana ƙara gudu, a ƙarshe sai ta ƙarasa a lokaci ɗaya. Da wannan ake yanke wa jiragen sama lokacin da dole a buɗe su a duba. Daga ƙarshe a ɗora motar a kan wasu sanduna huɗu masu aiki da matsin mai su yi ta jijjiga ta dare da rana, wahalar shekaru a cikin 'yan makonni.

Aiki ne mai kyau kuma ina girmama masu yin sa. Amma tambayar da nake yi kullum ita ce hanyar wa aka naɗa, lodin wa aka sa a lissafin? Motar da aka ƙera don mai zuwa ofis a Jamus ba wanda ya zuba wa kwamfutarta hanyar burjin da damina ta zaizaye, da buhu goma na shinkafar Haɗeja. Ba laifin kwamfuta ba ne, abin da aka ba ta shi ta lissafa. Dattawanmu da suke yabon Fijo 504 har gobe ba son zuciya ba ne kawai, mota ce mai doguwar ƙafa da ta jure hanyar Afirka har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Yanzu kuwa abin da ke zuwa mana 'yar Kwatano ce, ta gama shekara goma sha a hannun wani, ta riga ta ci kaso mai yawa na kwananta kafin ta sauka a jirgin ruwa, kuma ba mitar da ke nuna maka nawa ya rage. Ƙari a kan haka ƙasashen sanyi gishiri suke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan yana cin ƙarƙashin mota. Tsatsa ba muni kawai ba ce, kowane ɗan ramin da ta haƙa wurin fara tsaga ne, kuma ƙarfen da tsatsa ke ci yana aiki waccan iyakar ta Wöhler ba ta ƙara kare shi. In za ka sayi mota ka bar kallon fenti da rediyo, ka shimfiɗa buhu ka kwanta ka leƙa ƙasanta da tocila.

Sai maganar walda, kuma ina roƙon 'yan uwana masu walda kar su ji haushi, da sana'arsu ƙauye yake tsaye, garmar shanu da amalanke da injin ban ruwa duk su ne. Amma akwai abin da ba a yi wa walda. Sifirin ba ƙarfen banza ba ne, an gasa shi an tsoma an sake ɗumama shi daidai gwargwado kafin ya samu wannan taurin mai dawowa, kana sa masa wutar walda ka ɓata wannan aikin gaba ɗaya, gefen waldar zai zama ko dai ya yi laushi ko ya yi gautsi, kuma a nan zai sake karyewa. Haka tayarod ko hannun taya da ya lanƙwashe a gasa shi da wuta a miƙe da guduma, ya miƙe a ido amma ba shi ne na da ba. Masu ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki kaya da yawa su ma su sani ba su ƙara wa shaf da shasi da boris da burki komai ba, wahalar kawai suka tura musu. Na sha ganin babur ɗin 'yan acaba na ƙauye da wuyansa ya tsage dab da kan, saboda ɗaukar buhu uku da mutum, a kai a ɗana masa walda a shafa baƙin fenti, wannan wurin in ya rabu a guje tayar gaba ce take barin mutum.

Dalilin da ya sa walda da huji da kwana mai kaifi suke da haɗari shi ne nauyi a cikin ƙarfe taruwa yake a inda siffa ta canja farat ɗaya. Ingila ta koyi wannan da jirgin Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet da ya fara aiki a 1952. A 1954 guda biyu suka tarwatse a sama a kan teku kusa da Italiya, wata uku tsakani, ba wanda ya tsira. Masu bincike a Farnborough suka ɗauki jikin wani jirgin sukutum suka sa a cikin ƙaton tankin ruwa, suna cika shi da matsi suna sassautawa kamar yana tashi yana sauka, da aka kai wajen sau 3,000, har da tashin da jirgin ya riga ya yi a sama, sai jikin ya yage daga kusurwar wata taga. Ka lura da tagar jirgin sama a yau ba za ka ga kusurwa mai kaifi ba. Ko Jamus da duk ƙwarewarta, a 1998 a garin Eschede zoben tayar jirgin ƙasa mai gudu ya karye saboda irin wannan tsagar, mutum 101 suka mutu. Na kawo waɗannan ne don kar wani ya ce ai matsalar talauci ce ko ta baƙar fata. Bambancin shi ne su in abu ya karye sai sun tattara gutsattsarin sun gano daga ina tsagar ta fara sun canja ƙira da dokar dubawa, mu kuwa kafin la'asar ɗan gwangwan ya auna shi a sikeli ya biya ya tafi.

Kuma dubawar nan ba sai da na'ura mai tsada ba. Kakana yana ba mu labarin tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori a layin Kano zuwa Nguru, in jirgi ya tsaya akwai ma'aikacin da yake bi da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Daidai yadda iyayenmu mata suke yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya, mai lafiya ta yi ƙara tangaran, mai tsaga ta yi wani dum a mace. Akwai kuma tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa da kowane bakanike zai iya yi yau da abin da ke shagonsa. A wanke ƙarfen tas, a jiƙa shi da kananzir da aka ɗan haɗa da baƙin mai, a bar shi ya tsuma, a goge shi ƙaf ya bushe, a shafa masa alli da aka dama a bari ya bushe ya yi fari, sai a ɗan bubbuga shi. In akwai tsaga man da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan farin allin. Ba ta kama kowace irin tsaga ba, wadda take can ciki sai na'ura, amma yawancin tsagar gajiya daga fatar ƙarfe take farawa. Duk lokacin da aka kwance ƙafar mota don canja boris ko burki, ƙarfen yana hannu a buɗe, me zai hana a ƙara rabin awa a yi wannan?

Wani ɓangaren binciken kuma shi ne in hatsarin ya riga ya faru yaya mutum zai fita da rai. A nan ma akwai fahimtar da ta yi mana illa, muna yabon motar da ta yi karo ba ta lotse ba. Gaban mota da gangan aka yi shi ya lotse, dabarar wani injiniyan Mercedes ce, Béla Barényi, tun shekarun 1950: gaba da baya su murƙushe su shanye bugun, ɗakin da mutane suke ya tsaya da ƙarfinsa. In motar ba ta shanye ba jikinka ne zai shanye. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, a gudun 100 kuwa ba mita 20 ba ne, kusan 40 ne, don ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake in gudu ya ninka biyu. Shi ya sa motar da ta taɓa mummunan hatsari a waje aka kawo ta aka ja shasin da sarƙa aka yi ciko aka fesa fenti take ba ni tsoro, wurin da zai lotse ya riga ya lotse sau ɗaya. Bel ɗin kujera mai maɗauri uku da Nils Bohlin na Volvo ya fito da shi a 1959 yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi, amma in mutum biyu ne a kujera ɗaya wa zai ɗaura? Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce kan gaba duk da mu ne masu ƙarancin motoci.

Na san abin da direba zai ce min, kuma yana da gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 in bai yi lodi ya wuce ƙa'ida ba ba zai fitar da kuɗin mai da na mai mota da na kamasho da na shingayen hanya ba, balle ya kai cefane gida. Sabon ƙarfe na asali kuma in ka je Ƙofar Ruwa ka ji kuɗinsa sai ka dawo kan na hannu. Ban zo in zagi kowa ba. Amma ko a cikin talaucin akwai zaɓi, in dole sai ka sayi na hannu to kar ya zama a kan abin da ke riƙe taya da sitiyari da burki, ka yi tsimin a kan fitila da kujera da ƙofa. In kuma lodi ya yi yawa to a rage gudu a gargada, don nauyi da gudu in suka haɗu a rami su ne masu cin kwanan ƙarfe da gaske.

Ɗalibanmu na injiniyanci a Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da kwalejojin fasaha na Jigawa, ga aiki a ƙofar gida. Wayar hannu ta yanzu tana da na'urar da ke jin jijjiga, a ɗaure ta da kyau a jikin motar kasuwa a naɗi hanyar Gujungu zuwa Maigatari da lodinta na gaskiya, rani da damina, a auna buhunan a sikeli, a bi garejoji a tattaro karyayyun shaf da bol joyin da sifirin a duba fuskarsu a rubuta daga ina suka fara. In aka tara irin wannan na 'yan shekaru za a iya cewa a hanyarmu da lodinmu ƙarfe kaza a canja shi bayan tafiya kaza, a rubuta da Hausa a manna a tasha. Wannan ya fi amfani a gare mu a kan a kwafo lissafin hanyar wata ƙasa a kare a gaban malamai a ajiye a kanta.

Kafin a kai can, shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu za su iya sa doka ko a daren kasuwa ne, mota ba za ta shiga layi ba sai an ɗaga ta a jak an kama taya sama da ƙasa an girgiza, an kama hagu da dama an girgiza, in tana wasa a san boris ne ko bol joyin ko tayarod. A leƙa ganyen sifirin da maɗaurinsa, a duba gindin duk wata tsohuwar walda a shasi inda fenti ya tsage a layi. A karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, 2316 na nufin sati na 23 a 2016, don roba ma tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Kai ma fasinja kafin ka shiga ka ɗan zagaya ka kalli notin taya, ka ƙirga ko sun cika. In ka ga wani jan layin tsatsa ya tsiyayo daga ƙarƙashin noti ya bi jikin wili, notin nan ya saki yana motsi, kusar da ke cikinsa tana shan lanƙwasa a kowane zagaye. Ka nuna wa direba ya ɗaure, in ya ƙi ka jira ta gaba.